Wai me ake gani a jikin Ed Sheeran ne?

Wani ƙanina ne ya turo min tambaya, ya ce shi fa bai san mawaƙin nan Ed Sheeran ba sai da ya ji shi a waƙar Peru tare da Fireboy, da ya je ya duba sai ya ga wani Bature mai jan gashi, ba ado, ba rawa, ba 'yan amshi, muryar ma a ganinsa ba ta kai ta wasu ba, amma ana ta cewa yana cikin waɗanda suka fi kowa cika filin wasa a duniya. Yana so ya san wanene shi, daga ina ya fito, me yake so a rayuwarsa, kuma me mutane suke gani a jikinsa.

Toh ƙanina, tambayarka ta faɗo inda ya dace, don ni sana'ata kenan, na fi shekara goma ina zaune gaban na'urar haɗa sauti a situdiyo kuma ina koya wa yara jita, mutumin nan kuwa tun albam ɗinsa na farko nake bibiyarsa. Abin da ka faɗa kan murya ban musa maka ba. In murya ake nema tsagwaronta a Ingila ai Adele na nan, Sam Smith na nan. Shi abu biyu ya riƙe, ya iya rubuta waƙa, sannan ya iya tsayawa gaban jama'a shi kaɗai ya riƙe su awa biyu ba wanda ya motsa, kuma duka biyun ba da su aka haife shi ba, yawan yi ne ya koya masa. Bari in ɗauko maka daga tushe ka gani.

An haife shi ranar 17 ga Fabrairu 1991 a Halifax da ke arewacin Ingila, amma tun yana ɗan shekara huɗu iyayensa suka koma wani ƙaramin gari Framlingham a yankin Suffolk, gari ne na manoma mai wata tsohuwar fadar dutse a kan tudu, ita ce ya yi wa waƙar Castle on the Hill daga baya. Babansa John aikinsa shirya baje kolin zane-zane da koyarwa a kai, mamarsa Imogen daga baya ta koma ƙera kayan ƙawa, yana da wa ɗaya Matthew shi ma mawaƙi ne amma na kiɗan gargajiyar Turawa irin na goge da sarewa. Kakanninsa na wajen uba 'yan Ailan ne, kuma wannan jinin na Ailan in ka saurara da kyau za ka ji shi a waƙoƙinsa da yawa, irin su Galway Girl da Nancy Mulligan, ta biyun ma labarin auren kakanninsa ne, shi kakan ɗan Furotesta ita kakar 'yar Katolika a lokacin da irin wannan auren abin magana ne a ƙasarsu.

Yarintarsa ba ta mai farin jini bace ko kaɗan. An haife shi da wani jan tabo a gefen ido, aka riƙa yi masa aikin leza don a cire, kuma shi da bakinsa ya ce akwai ranar da aka yi aikin ba a sa masa maganin kashe zafi ba, tun daga nan in'ina ta kama shi. Ga jan gashi, ga ƙaton tabarau, ga in'ina, ka san yadda yara suke a makaranta ko'ina a duniya. Abin da ya warware masa harshe shine rap. Yana ɗan shekara tara babansa ya sayo masa albam ɗin Eminem mai suna The Marshall Mathers LP, ya zauna ya haddace shi kaf yana bin sa da sauri da sauri, a haka in'inar ta sake shi, ya ba da wannan labarin da kansa a 2015 a wani taro na masu fama da in'ina a New York. Ni wannan wajen yana da muhimmanci a gare ni don shine ya bayyana salonsa gaba ɗaya, in ka lura yana jera kalmomi da yawa cikin baiti ɗaya kamar ɗan rap amma a kan kiɗan jita mai sanyi, to asalin abin daga nan ne, ba wani furodusa ne ya ƙirƙira masa ba.

Jita kuma ya ce abin da ya ja shi gare ta shine ganin Eric Clapton a talabijin a 2002 wajen bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 50 a kan mulki, sannan babansa ya kai shi wani ƙaramin wajen wasa a Dublin ya ga mawaƙi Damien Rice, mutum ɗaya da jita ɗaya ya sa ɗaki ya yi tsit, daga ranar ya fara rubuta nasa. Yana sakandare yana buga faya-fayansa da kansa yana sayarwa daga jakar goyo. A 2008 yana da shekara 17 ya tattara ya tafi Landan.

Nan ne wajen da nake so ka tsaya ka duba sosai, don mutane suna tsallake shi su tafi kan kuɗi da kyaututtuka. A 2009 kaɗai ya yi wasa sama da 300. Ka lissafa, kusan kullum kenan, wani lokacin sau biyu ko uku a dare ɗaya, a mashaya, a ƙananan ɗakuna, gaban mutum biyar ko goma da ba su zo don shi ba, suna hirarsu suna cin abincinsu. Wanda bai taɓa riƙe makirfo ba ba zai gane wahalar wannan ba, wallahi ya fi sauƙi ka yi waƙa gaban mutum dubu da suka sayi tikiti don kai da ka yi gaban mutum bakwai da ba su damu da kai ba, don waɗannan bakwai ɗin sai ka ƙwato hankalinsu da ƙarfin waƙarka, in baitin farko bai kama su ba shikenan ka rasa su. A irin wannan ɗakin ne ya koyi wace waƙa ce take sa a ajiye cokali a juyo, wace ce take sa a ci gaba da surutu. A shekarun nan ba shi da ɗakin kansa na dindindin, kwana yake a kujerun abokai, ya ce akwai dararen da ya kwana a jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da kuma kusa da fadar Buckingham, amma shi da kansa ya gyara wa 'yan jarida zance ya ce kar a kira shi wanda ya rasa matsuguni, yana da gidan iyaye da zai iya komawa, shi ne ya zaɓi zama. Wannan gaskiyar tasa tana burge ni, da wani ne da ya bar labarin ya ƙara kumbura.

Waɗanda suka fara karɓarsa kuma ba masu jita 'yan uwansa bane, yaran unguwannin Landan ne masu salon rap ɗin da suke kira grime, yawancinsu baƙaƙe 'ya'yan 'yan Afirka da Karebiyan. Wani matashi Jamal Edwards mai tashar SBTV a YouTube shi ya ɗauke shi bidiyo a farkon 2010 yana You Need Me, I Don't Need You, bidiyon ya zagaya. A shekarar dai ya sayi tikiti ya tafi Los Angeles ba tare da ya san kowa sosai ba, ɗan fim kuma mawaƙi Jamie Foxx ya gan shi yana wasa ya ba shi masauki a gidansa da damar amfani da situdiyonsa. Da ya dawo, a Janairun 2011 ya saki No. 5 Collaborations Project tare da 'yan grime irin su Wiley da JME da Devlin, ba kamfani a bayansa, ya haura har na biyu a iTunes, sai a lokacin kamfanonin da suka riƙa ƙin sa suka waiwayo, ya sa hannu da kamfanin Asylum da ke ƙarƙashin Atlantic.

Waƙar da ta fito da shi ita ce The A Team a tsakiyar 2011, ta kai ta uku a jadawalin Birtaniya. Kiɗanta mai daɗi ne har za ka ɗauka ta soyayya ce, alhali labarin wata yarinya ce da ya haɗu da ita lokacin da ya je wasa a wani gidan da ake tsugunar da marasa galihu, ƙwaya ta cinye ta tana sayar da kanta don ta samu na saye, A ɗin ma daga rukunin ƙwayoyi mafi haɗari ne a dokar ƙasarsu. Ta ci kyautar Ivor Novello a 2012, wadda marubuta waƙa ke ba ɗan uwansu, kuma a wajen masu sana'ar ta fi wasu manyan kofuna daraja. Daga nan ya jera albam ɗinsa da alamomin lissafi, na tarawa a 2011, na ninkawa a 2014, na rabawa a 2017, na daidai a 2021, na ɗebewa a 2023. A tsakani ya rubuta wa wasu, Little Things ta One Direction shi da Fiona Bevan suka rubuta ta, Love Yourself ta Justin Bieber da hannunsa a ciki, ya yi Everything Has Changed da Taylor Swift kuma ya bi ta rangadin Amurka a 2013 yana buɗe mata fage, wannan ne ya shigar da shi kasuwar Amurka.

Yanzu ga amsar tambayarka ta yadda mutum ɗaya yake cika fili. A ƙasa gaban ƙafarsa akwai wata na'ura da ake takawa, ana ce mata luf, aikinta ta naɗi abin da ka buga yanzun nan ta riƙa maimaita shi ba tsayawa. Sai ya daki cikin jitar da tafin hannu ya fitar da sautin ganga, ya taka, na'urar ta riƙe tana juyawa. Ya kaɗa tsirkiya mai kauri ya fitar da bes, ya taka, ta hau kan na farko. Ya ɗora karin jitar, sannan ya matsa ga makirfo na biyu ya yi amshi da murya ƙasa, ya sake yi da murya sama, ya sake na uku, kafin minti biyu sai ka ji kamar mutum takwas ne a dandamalin alhali shi kaɗai ne, shi ne makaɗi shi ne ɗan amshin kansa. Wahalar abin ita ce ba gyara, in ƙafarka ta makara da ƙiftawar ido wajen takawa to wannan kuskuren zai riƙa dawowa duk zagaye har ƙarshen waƙar kowa na ji, ni na gwada da ɗalibaina na san yadda take kunyata mutum. Kuma yana yi yana waƙa yana kula da jama'a. A haka ya cika filin Wembley dare uku a jere a Yulin 2015, wajen mutum dubu 80 kowane dare, a haka ya rufe bikin kiɗa na Glastonbury a 2017 har wasu suka zarge shi da cewa kiɗan da aka naɗa tun a gida yake sakawa, ya fito ya yi bayanin cewa komai a gabansu aka haɗa shi. In kana neman misali a gida don ka gane, ka tuna marigayi Ɗan Maraya Jos, mutum ɗaya da kuntigi ɗaya yana waƙar karen mota da talakan gari, ba tawagar makaɗa amma ba ka iya tashi sai ya gama. Ba cewa nake kiɗansu ɗaya ba, tsayuwar ce iri ɗaya.

Kan rubutu kuma akwai misalin da yake yawan bayarwa wanda nake maimaita wa duk yaron da ya zo min da waƙa ɗaya yana jiran ta yi tashe. Ya ce rubuta waƙa kamar famfon da ya daɗe ba a buɗe ba ne, in ka buɗe ruwan datti ne zai fara zuwa, sai ka bar shi ya yi ta zuba kafin mai kyau ya fito. Wato ka rubuta marasa kyau ɗari kafin ka samu ɗaya. Thinking Out Loud da ya rubuta da Amy Wadge ta ci Grammy biyu a 2016 har da waƙar shekara, a 2018 ya ƙara biyu. Shekarar 2017 kuwa ita ce ƙololuwa, ya saki Shape of You da Castle on the Hill rana ɗaya suka kama na ɗaya da na biyu, da albam ɗin rabawa ya fito a Maris waƙoƙinsa 16 suka shiga cikin 20 na sama a Birtaniya lokaci ɗaya, har sai da masu jadawalin suka canza doka suka ce daga yanzu mawaƙi ɗaya ba zai wuce waƙa uku a ciki ba. Shape of You ma da farko da Rihanna a ransa ya fara rubuta ta, ta yi sati 14 a matsayi na ɗaya a Birtaniya, kuma ita ce waƙar farko da aka saurara sau biliyan 2 a Spotify. Rangadin wannan albam ɗin daga 2017 zuwa Agustan 2019 ya tara sama da dala miliyan 770, mutum kusan miliyan 9 suka kalla, ya karya tarihin da ƙungiyar mawaƙa ta U2 suka kafa, kuma ka san inda ya zaɓa ya rufe? Ipswich, babban garin yankinsu.

Ni a nawa ra'ayin, kuma na san masoyansa ba za su so ba, ba duk waƙoƙin da suka fi tashe ne suka fi kyau ba. Shape of You da Bad Habits da Shivers an ƙera su ne don rediyo da gidan rawa, aikin gwani ne amma kana jin lissafin kasuwa a ciki. In kana so ka ji marubucin sosai ka nemi Supermarket Flowers wadda ya yi bayan rasuwar kakarsa ta wajen uwa, ya rubuta ta kamar mamarsa ce ke magana tana kwashe kayan mamaciyar daga ɗaki, ƙananan abubuwa kawai yake lissafowa, furen da ya bushe, kofin shayi, amma duk wanda ya taɓa tattara kayan mamaci zai ji ta a ƙirji.

Alaƙarsa da Afirka da ka gani a Peru ba ranar ta fara ba. A ƙarshen 2015 ya ajiye waya ya bar soshiyal midiya ya tafi yawon duniya shekara guda, cikin inda ya je har Ghana, ya sauka wajen mawaƙi ɗan asalin Ghana Fuse ODG, a can suka yi Bibia Be Ye Ye da furodusa Killbeatz, sunan da yaren Twi ne ma'anarsa komai zai yi daidai, kuma ya sake yin Twi a Boa Me ta Fuse ɗin. A 2019 ya shiga Own It ta Stormzy tare da Burna Boy ta kai na ɗaya a Birtaniya, Peru da Fireboy DML ta fito a Disambar 2021 ta kai na biyu, sai For My Hand a albam ɗin Burna Boy na 2022. Abin da na lura a matsayina na mai haɗa sauti shine in ya shiga waƙar wani ba ya jan ta zuwa salonsa, shi yake bin karin mai waƙar, ka sake sauraron Peru ka ji yadda ya kwantar da muryarsa a kan kiɗan kamar ɗan Legas. Sannan a Nuwambar 2024 da aka sake fitar da tsohuwar waƙar tara wa Afirka sadaka ta Band Aid da muryarsa ta 2014 a ciki, ya fito ya ce ba a nemi izininsa ba, kuma da an nema da ya ƙi, saboda fahimtarsa ta canza kan yadda irin waɗannan waƙoƙin ke nuna Afirka kamar wajen yunwa da tausayi kawai, ya ce Fuse ODG ne ya ganar da shi. Bature mai girmansa ya ce ɗan Afirka ya gyara masa tunani a bainar jama'a, ni na ɗauki wannan da nauyi.

Sai maganar kotu, wadda duk mai rubuta waƙa ya kamata ya sani. An kai shi ƙara kan Photograph ya yi sulhu a 2017 ya biya, daga baya ya ce ya yi nadama don hakan ya buɗe ƙofa kowa ya ga wajen samu. Da aka zo kan Shape of You, wani mawaƙi Sami Chokri ya ce an ɗauki wani yanki na waƙarsa, sai ya ƙi sulhu ya tsaya a babbar kotun Landan, a Afrilun 2022 alƙali ya ba shi gaskiya. Bayan hukuncin ya yi magana cewa sautukan kiɗa 12 ne kacal kuma kullum ana sakin dubban waƙoƙi, dole a riƙa samun kamanni. Ta gaba a New York ce, magadan Ed Townsend wanda ya rubuta Let's Get It On tare da Marvin Gaye suka ce Thinking Out Loud ta kwaikwayi jerin sautukanta, ya ɗauko jita a cikin kotu ya buga wa masu yanke hukunci waƙoƙi daban-daban a kan wannan jerin guda huɗu don su ji cewa kayan kowa ne, kamar dai wani ya ce shi ya mallaki wani kari na kalangu. Ya ce in ya faɗi ya bar waƙa. A Mayun 2023 ya yi nasara, amma saboda zaman kotun bai samu zuwa jana'izar kakarsa a Ailan ba, wannan kakar da ya yi wa Nancy Mulligan. Tun waɗannan rigingimun yake ɗaukar bidiyon zaman rubuta waƙarsa don ya zama hujja, kuma ni ma yanzu haka nake ba yaranmu shawara, ku ajiye muryar farko da kwanan wata a waya.

Iyalinsa kuwa, matarsa Cherry Seaborn 'yar makarantarsu ce tun sakandare a Framlingham, suka rabu da gani ta tafi karatu Amurka, suka sake haɗuwa a 2015, suka yi aure a 2019 ba hayaniya, suna da 'ya'ya mata biyu. Ita ya yi wa Perfect, kuma wansa Matthew ne ya tsara gogen da ke cikinta don kakarsu ta so ta ga sun yi aiki tare. Farkon 2022 ya zo masa da nauyi, cikin wata ɗaya aka gano ƙari a jikin matar tana ɗauke da ciki kuma ba damar yin aiki sai ta haihu, Jamal Edwards wanda ya fara ɗaga shi kuma ya zama amininsa ya rasu kwatsam yana da shekara 31, ga shari'ar Shape of You a gaba. Ya faɗa a fili cewa ya shiga ƙunci mai tsanani har sai da ya nemi taimakon likitan ƙwaƙwalwa, kuma daga wannan halin albam ɗin ɗebewa ya fito, wanda ya yi da furodusa Aaron Dessner. Bai yi kasuwa kamar na baya ba amma a wajena shi ne mafi gaskiya a cikinsu, Eyes Closed ta Jamal ce. Bayansa ya yi Autumn Variations a 2023, sai Play a 2025 inda ya juya gabas, Azizam da ɗanɗanon kiɗan Farisa, Sapphire kuma tare da Arijit Singh na Indiya, wanda na san masu kallon finafinan Indiya a cikinmu ba sai an gabatar musu da shi ba.

Abubuwan da yake so su ne suka fi nuna maka ko wanene. Duk kuɗin nan bai koma Los Angeles ba, ya zauna kusa da Framlingham inda ya sayi gidaje maƙwabta ya haɗe, har ɗan ƙaramin wajen ibada ya gina a ciki da wurin da yake so a binne shi. Ƙwallo kuwa ba Manchester ba Arsenal, Ipswich Town yake yi tun yana yaro, ya fara ɗaukar nauyin rigarsu a 2021 lokacin suna rukuni na uku ba wanda ke kallonsu, suna ba shi lamba 17 a jerin 'yan wasa don girmamawa, da suka hau Firimiya a 2024 bayan shekara 22 ya sayi hannun jari kashi 1.4 cikin ɗari. Abinci ba na manya yake so ba, miyar tumatirin kwalba ta Heinz ce abin ƙaunarsa har ya zana tambarinta a hannu kuma ya yi musu talla a 2019, daga baya ya fitar da nasa yajin kwalba mai suna Tingly Ted's. Yana son kyanwa, yana son haɗa Lego, yana fenti irin na watsa kala a kan allo, bangon waƙarsa Afterglow ma shi ya zana. Inda kawai za ka ga alamar mai kuɗi shine agogo, yana tara masu tsada irin su Patek Philippe, amma kaya riga ce da wando da kambas, tsofaffin ma yana kai su shagunan sadaka na yankinsu a sayar. Waya kuma tun 2015 ya ce ba ya riƙewa, ta imel ake samunsa a iPad, ya ce ta hana shi zama da mutanen da ke gabansa.

Akwai abubuwan da ba namu ba kuma ba zan ɓoye maka ba, jikinsa cike yake da zane har da ƙaton zaki a ƙirji, kuma ya yi zamanin shan giya sosai da sauran shaye-shaye, shi da kansa ya ce abin ya so ya fi ƙarfinsa, haihuwar 'yarsa ta fari ta sa ya rage, rasuwar Jamal ta sa ya ce ya bar ƙwaya har abada, ya kuma yi maganar fama da cin abinci ba ƙa'ida, abin da maza ba su cika yarda su faɗa ba.

Jitarsa ma in ka duba ƙarama ce ba kamar ta sauran ba, ya daɗe yana amfani da ƙaramar Martin saboda sauƙin ɗauka a jirgin ƙasa lokacin yawon wasa, yana ma raɗa musu sunaye kamar mutane, daga 2019 ya haɗa kai da maƙerin jita Lowden na Ailan ta Arewa suna fitar da masu sunansa. A 2017 an ba shi lambar girma ta MBE a fadar Buckingham, fadar da ya taɓa kwana a gefenta, a 2025 kuma ya kafa gidauniya don koyar da kiɗa a makarantun gwamnati na Birtaniya.

In za ka bi shawarata kar ka fara da bidiyoyin da aka kashe wa kuɗi. Ka nemi na SBTV na 2010 ka ga yaron kafin kowa ya san shi, sannan ka nemi wasansa na Glastonbury 2017 ka sa abin ji a kunne biyu, ka zaɓi Bloodstream, ka bar kallon fuskarsa ka riƙa kallon ƙafarsa kana ƙirga sau nawa ya taka kafin ya fara baitin farko. In ka gama ka dawo ka gaya min sautuka nawa ka iya rarrabewa, daga nan sai in nuna maka yadda ake jera su ɗaya bayan ɗaya.